Sunan 'Ya Mace: Haƙƙin Wa?

Idan aka haifi 'ya mace a Dandin Mahe, kamar sauran garuruwan ƙasar Sakkwato, sau da yawa gardama kan tashi kafin ranar suna. Uba yana son mayar da sunan mahaifiyarsa, dangin uwa kuma suna da nasu zaɓi. To, haƙƙin wa ne?

Shari'a ta bar wa uba zaɓi, amma amana aka damƙa masa, domin yarinyar ce za ta amsa sunan duniya da Lahira. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sauya sunan Barratu, ma'ana mai ɗa'a, zuwa Zainabu, don gudun yabon kai.

Sai dai kyakkyawan suna alkawari ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya zauna a Sifawa kusa da Boɗinga har 1815, ya raɗa wa 'yarsa Asma'u, sa'an nan ya karantar da ita, har ta zama malamar mata kafin rasuwarta a 1864.

Saboda haka, wanda ya yanka rago ya raɗa wa 'yarsa Asma'u ko A'ishatu, amma ya ɗora mata talla maimakon allo, ya ci amanar sunan. Allah Ya ganar da iyaye, amin.