Hali Zanen Dutse, Ko Zama Da Maɗaukin Kanwa?

Hausawa sun bar mana karin magana biyu da suke kamar suna jayayya. Ɗaya ta ce hali zanen dutse ne, ɗaya kuma ta ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Idan muka ga ma'aikacin ilimi yana isa ofis da hantsi, ya sulale kafin azahar, da wacce za mu auna shi?

A takarda dai babu abin da ya rage. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta shimfiɗa tsani tun daga hukumar UBEC a Abuja, zuwa SUBEB a Birnin Kebbi, zuwa hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma irin ta Augie, inda Sakataren Ilimi yake da masu duba makarantu, su kuma suna kan hedimastoci. Akwai littafin sa hannu, akwai takardar tuhuma, akwai gargaɗi da dakatarwa da kora. Da doka ce kaɗai ke kawo ɗa'a, da tuni mun huta.

Mu ɗauki matashin da ya fito daga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, aka tura shi wani ofis ko wata makaranta. Makon farko yana zuwa da sassafe, ya tarar da mai gadi kaɗai. Ya ga wanda ya iso ƙarfe goma ya rubuta takwas a littafi, na bayansa ya rubuta takwas da minti biyu, shugaba ya sa hannu a ƙasa. Babu wanda ya ce masa ya yi ƙarya. Amma idan ya rubuta lokacin gaskiya ya tona asirin na gaba da shi, waɗanda wasunsu sa'o'in mahaifinsa ne. Kunyar da aka tarbiyyantar da shi a kanta ita ce za ta riƙe masa alƙalami. Kafin shekara ta zagayo ya saje.

Idan kuma shugaba ya yi ta maza ya ba wani takardar tuhuma, kafin magariba an yi sallama a ƙofar gidansa. Ga baffa, ga limami, ga ɗan siyasa, kowa na cewa, "Ranka ya daɗe, a yi masa alfarma, yana da iyali." Zumunci da rufin asiri kyawawan halaye ne, da su muke rayuwa. Sai dai alfarmar da aka yi wa babba, yaro ne yake biyanta, yaron da ya kai aji shida bai iya karanta wasiƙa ba, kuma shi ba shi da mai zuwa gaisuwa a madadinsa. Ko an hukunta mai laifin ma, sau da yawa canjin wurin aiki ake yi masa zuwa ƙauye mai nisa, kamar 'ya'yan can ne suka yi laifin.

Wasu za su ce a kawo na'ura. A gundumar Udaipur ta Indiya an taɓa ba malaman ƙauye kyamara, suna ɗaukar hoto da ɗalibai safe da lokacin tashi, ana biyansu gwargwadon kwanakin da suka zo. Fashin aiki ya sauko daga kashi 42 cikin ɗari zuwa 21. Da aka gwada makamancin haka kan ma'aikatan jinya na gwamnati a gundumar, da farko abin ya yi aiki, daga baya shugabanninsu suka riƙa rubuta musu ranakun uzuri har tsarin ya rushe. Esther Duflo, wadda ta samu kyautar Nobel a 2019, tana cikin masu binciken biyu. Na'ura tana kama mai fashi, amma mutum ne zai yanke abin da za a yi da shi.

Ba sai mun je Indiya ba ma. A fadamun Augie, ranar gayyar dashen shinkafa babu littafin sa hannu, amma wanda ya makara sai ya sunkuyar da kai, domin mai gona ya riga kowa shiga taɓo. A Matan Fada ana barin ruwa ya huta har zuwa lokacin bikin kamun kifi, wanda aka fara a 1934, kuma girman Sarkin Ruwa da idon jama'a su ne babban shingen wurin. Mutanen gona da na rafi su ne dai mutanen ofis. Abin da ya bambanta shi ne, a gona kunya tana kan mai lalaci, a ofis kuwa takan koma kan mai ƙwazo, a ce yana neman suna.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Malamin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, ƙarin girmansa ya maƙale shekaru, ba abin mamaki ba ne idan noman rani ya ja hankalinsa. Hukumar da take makara wajen biyan haƙƙi bakinta yakan yi nauyi wajen tuhumar mai makara. Tun 2023 jihar Kebbi tana hannun Nasir Idris, tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa, saboda haka ba za a ce na sama bai san wannan ciwon ba.

Duk da haka, wurin aiki ba ya ɗauke wa mutum alhaki. Albashi amana ce, kuma mun san malaman da suke cikin wannan ƙunci amma ba su taɓa barin aji babu kowa ba. Abin da muke cewa shi ne, bai kamata riƙon amana ya zama sai jarumi ba. Alhaki ya fi nauyi a kan wanda sa hannunsa yake ƙasan littafi: ya riga kowa zuwa, ya rubuta lokacin gaskiya, ya hukunta ɗan'uwansa kamar yadda zai hukunta bare, ya kuma tsaya wa na ƙasa a kan haƙƙinsu. Mu kuma iyaye da ke cikin kwamitocin kula da makarantu, idan za mu je roƙon alfarma, mu fara tambayar kwana nawa ajin ya yi babu malami.