Nasiha Ga Matashin Ma'aikacin Lafiya



Ya kai matashi da aka tura aiki Matankari, ko Tibiri, ko wani ƙauyen Arewa, ka sani ilminka amana ne. Daga Yuli zuwa Oktoba ruwa yakan kwanta a Dallol Mawri, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara, rumbu ya yi ƙasa. A lokacin ne ake gane mai son jama'arsa. Kada ka kulle ɗakin magani ka tafi Yamai neman canjin wuri.

A 2006 hukuma ta yafe kuɗin maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5. Wanda ya karɓi ko dala a hannun uwa da zalunci, zai amsa gaban Allah.

Allah Ya sa mu dace, amin.