Tsatsa da Tabo

Ranar da muka ɗage ledar da ke shimfiɗe a cikin motar Baba, ƙasar unguwarmu muka gani. Rami ne da hannun babban mutum zai shige, daidai inda direba ke ajiye ƙafarsa ta hagu, bakinsa ja wur yana marmashewa kamar ƙanzo. Shekara goma sha ɗaya motar ta yi a gindin darbejiyar bakin titi, domin lungun gidanmu, kamar yawancin lungunan cikin birnin Kano, ba don mota aka yi shi ba. Awaki sun sha inuwarta, yara sun mai da ita wurin wasa, tayoyinta sun nutse. Mu kuwa kullum sai mun wuce ta a hanyar masallaci, kowa yana cewa bayan salla za a duba ta. Sallolin da suka wuce a haka sun haura ashirin.

Peugeot 504 ce, wadda kowa ya sani da Fijo. A Faransa aka fara fito da irinta a 1968, kamfanin da ke Kakuri a Kaduna ya fara haɗa motocin Fijo a 1975, kuma ya ci gaba da haɗa 504 shekaru da yawa bayan Faransa ta daina a 1983. Ita ce motar gwamnati, ita ce motar haya, ita ce motar kai amarya. Tana da 'yar'uwa mai ƙofa biyu, ta 'yan gayu, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana, har ta ci gasar tseren Safari a Kenya a 1978. Irin wannan ce Turawa masu sha'awar tsofaffin motoci suke saye, mutum ya kulle kansa a garejin gidansa shekara biyu ko uku yana kankare tsatsa. Tamu mai ƙofa huɗu ce, ba ta taɓa tsere da kowa ba, iyakarta Zariya da Katsina da ɗaurin aure a ƙauye. Amma tsatsar ɗaya ce, tambayar da take jefa mutum ciki ma ɗaya ce.

Da yake motar ba ta motsi, fanalbita muka kira har bakin lungu. Dattijo ne, ya zo da yaronsa. Bai ce komai ba sai da ya zagaye ta yana ƙwanƙwasawa da bayan sukundireba, yana saurare kamar mai zaɓen tukunya a kasuwa. Ya nuna mana inda fenti ya kumbura a ƙasan ƙofofi, ya ce abin da muke gani a waje kaɗan ne. Gaskiyarsa: tsatsa haɗuwar ƙarfe ce da ruwa da iska, kuma ta fi ƙarfen da ta ci girma, shi ya sa take tura fenti ya yi ƙuraje. Kafin ƙurjin ya fito ta riga ta gama da ciki. Tana farawa ne a inda laka ke taruwa a saman taya, da ƙarƙashin leda inda ruwan damina ke kwana, da gindin batir inda ruwansa ke ɗiga.

Sannan ya faɗi kuɗi iri biyu. “Alhaji, aiki biyu ne,” in ji shi, yana kallon babban yayanmu. “In fila kuke so, kwana huɗu na gama, ta fito kamar amarya. In yanka za a yi, sai an yi haƙuri, kuma kuɗin ya ninka uku.” Yanka na nufin a yanke duk inda ya ruɓe har a kai ga lafiyayyen ƙarfe, a samo faifan ƙarfe ko ɓangaren wata matacciyar Fijo a kasuwar Ƙofar Ruwa, a daidaita, a yi walda ɗigo-ɗigo don kada zafi ya lanƙwasa jikin, a goge, a shafa jan fentin da ke hana tsatsa, sannan a bi da fila siriri. Ɗaya aikin kuwa a toshe ramin da abin da aka samu, a lafta fila, a goge da samfefa, a fesa fenti. Ranar da aka gama, ko shi fanalbitan ba zai bambance su da ido daga nesa ba.

In da sayarwa za mu yi, babu wata muhawara. Duk wanda ya zauna a makarantar zaure ya san labarin mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya ɗora busasshe a sama, da yadda Annabi (SAW) ya sa hannu ya taɓo danshin ya tsawata masa. Malaman fiƙihu sun ba mai saye damar mayar da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Masu wayo a kasuwar mota ma sun san a ɗora mayen ƙarfe a jikin mota, in ya ƙi kamawa to fila ce a wurin. Amma mu ba sayarwa za mu yi ba. Ƙaninmu ya ce to wa muka yaudara? Motarmu ce, mun san abin da ke ƙarƙashi, muna so ne kawai Hajiya ta leƙo ta gan ta tana sheƙi kamar da.

Mun daɗe muna juya wannan magana, kuma ba ta da sauƙin turewa. Mutum yana shafa wa bangon ɗakinsa farar ƙasa ba don ya cuci kowa ba. Ba kowace sutura ce ƙarya ba. Rufin asiri ma abin roƙo ne a wajenmu. Inda maganar ta karye shi ne cewa sanin da muke taƙama da shi ba ya daɗewa. Mu da muka sani yau, gobe wasunmu sun manta, wasu sun rasu, mota kuwa tana nan da fuskarta mai cewa lafiya lau. Wata rana ɗan wani daga cikinmu zai sayar da ita da zuciya ɗaya, ya rantse bai san tana da aibi ba, kuma ya yi gaskiya. Ƙaryar mu muka shirya ta, shi kuma ya isar da ita ba da saninsa ba.

Ba a littafi muka koyi wannan ba. Da yaron fanalbita ya fara kankare bayan motar ta hannun dama, sai fila mai kaurin yatsa biyu ta ɓantaro, a bayanta ga tsohuwar jarida an cusa, ta zama ruwan ƙasa. Wani ya riga mu. Muka yi tsaye cirko-cirko. Ko dai wani mai gyara ne ya cuci Baba, ko kuma Baba ne da kansa, a wata shekara da albashi bai isa ba, aka faɗa masa kuɗi iri biyu ya zaɓi mai sauƙi. Babu mai ba mu amsa yanzu. Abin da ya ba mu mamaki shi ne babu wanda ya ji haushinsa a cikinmu, sai ma wani tausayi, don a wannan shekarar ko wace ce, mu ne muke cin kuɗin makaranta.

To aka tsayar da magana a kan yanka. Nan kuma wata tambayar ta taso, wadda ta fi ta farko wuyar sha'ani. Ƙasan motar sabo, ƙofofi biyu na wata mota, murfin but na wata, kujeru sai an sake ɗinki, injin ma dama an taɓa canza shi tun Baba yana da rai. Yayarmu ta ce, in an gama wannan, motar wa za ku nuna wa Hajiya?

Girkawa sun riga ta yin wannan tambaya. Fulutak ya ba da labarin jirgin ruwan Tisiyas da mutanen Atina suka adana, duk katakon da ya ruɓe su cire su sa sabo, har masana suka rabu biyu a kan ko jirgin ne ko wani ne. A ƙarni na 17 Thomas Hobbes na Ingila ya ƙara wa miyar gishiri: a ce wani yana tsince tsofaffin katakan yana tarawa, ya haɗa su ya yi jirgi, wanne ne na asali? Mun yi dariya da muka tuna wannan, don a lokacin ga ɗan gwangwan tsaye da kurarsa yana jiran ruɓaɓɓun ƙofofin Baba.

Sai dai mu mutanen cikin birni bai kamata wannan tambaya ta firgita mu ba, domin a cikin amsarta muka girma. Ganuwar Kano, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12, da Gidan Rumfa da Gidan Makama, da soron kakanninmu, duk da ƙasa aka gina su. Ginin ƙasa kuwa ba ya rayuwa sai da yaɓe. Damina ta zaftare, a kwaɓa sabuwar ƙasa a mayar. Bayan shekara ɗari, ƙasar da ke fuskar bangon ba ita ce magini na farko ya taɓa ba, amma ba wanda ya taɓa cewa gidan ya zama wani gida. Abin da ya riƙe shi gida ɗaya shi ne hannayen da ba su yanke ba, kowane ya karɓa daga na gabansa. Inda hannu ya yanke kuwa mun ga abin da ya faru: dubi wuraren da ganuwa ta zama tudun ƙasa, ko aka yanka ta filaye. Ƙofofin da aka rushe aka faɗaɗa aka sake ginawa da siminti suna nan da sunayensu, amma tsofaffi suna wucewa ta cikinsu suna cewa da can ba haka take ba.

In haka ne, sabon ƙarfe bai raba motar da Baba ba. Abin da ya kusa raba su shi ne shekara goma sha ɗayan nan. Kuma a nan ne muka fahimci dalilin da ya sa fila ta yi mana daɗin ji tun farko. Ramin da ke ƙarƙashin leda ba a hannun Baba ya faru ba, shi da yake wanke ta duk Juma'a. A hannunmu ya faru. Son mu rufe shi cikin kwana huɗu bai rasa alaƙa da son kada a ga shaidar sakacinmu.

Akwai kuma abin da gyara shi ne ɓarna. Baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana gidan tarihi na ƙasa a Legas, da ramukan harsasai a jikinta. Duk fanalbitan da ya toshe su, komai kyawun aikinsa, ya goge abin da ya sa ake ajiye da motar. Tamu ba ta da irin wannan nauyi, amma tana da loɓawa a ƙofar baya ta hagu, inda amalanke ya buge ta a wajen Kasuwar Kurmi ranar da aka je sayen kayan auren yayarmu. Baba bai taɓa gyarawa ba, kuma duk wanda ya tambaya sai ya sha labarin tun daga farko.

Dattijon ya kawo gudumarsa zai buga wurin ya miƙe, aikin minti ashirin. Ƙaninmu ya riƙe hannunsa. Muka tsaya muna gardama a bakin titi, har masu wucewa suna sa baki. Wasu suka ce in za a gyara a gyara duka, mene ne amfanin mota mai sheƙi da ƙofa a loɓe? Mu dai abin da muka gani shi ne loɓawar ta gama aikinta tun ranar da ta faru, ba ta ƙaruwa, ba ta cin komai. Tsatsa kuwa ko a daren nan tana ci. Wanda ya bar tsatsa da sunan girmama tarihi zai wayi gari babu motar babu tarihin. Amma mun yarda layin ba koyaushe yake fitowa sarai haka ba, domin a cikin loɓawar ma fenti ya tsage, kuma tsatsa ta fara shiga ta nan.

Yayarmu har yanzu ba ta sauka daga ra'ayinta ba, kuma ba mu da bakin cewa ta yi kuskure. Motar gado ce, tana da rabo a ciki. Ta ce kuɗin da za a zuba ya isa a gyara rufin ɗakin Hajiya da ke yoyo, kuma Baba da kansa, mutumin da wataƙila ya cusa jarida a motarsa don ya biya mana kuɗin makaranta, da rufin zai fara. Wannan magana ta fi ta Girkawa zama mana a rai. Aka yi rufin tukuna, aikin mota ya koma kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da kowa ya iya kawowa a ƙarshen wata.

Da aka kai wa Hajiya maganar ƙofar, ta yi shiru, sannan ta ce a kankare tsatsar a shafa magani, amma kada a buga. Babban yayanmu ya sayo ƙaramin littafi ya ajiye a aljihun gaban mota, yana rubuta duk abin da aka yanke da inda aka samo madadinsa, har da jaridar da muka tarar. Zuwa yanzu an gama ƙasan direba da ƙofa ɗaya. Layin waldar yana nan a fili, ba a rufe shi ba tukuna. Dattijon ya ce in ba a kai ga saman tayoyin baya kafin ruwan farko ba, aikin da zai tarar bayan damina ya fi wanda ya bari, kuma tun shekaranjiya hadari yake haɗuwa ta gabas.