Me Ke Sa Tsohuwar Tarakta Tsada?

A ƙasarmu idan aka ce an kai kaya gwanjo, kowa ya san araha a ke nufi. Ko dai kayan sun tsufa, ko mai su ya ci bashi ya kasa biya, sai a tara jama'a a yi ta tayi, wanda ya fi kowa ya ɗauka. Har ma kalmar ta zama sunan tufafin da wani ya riga ya sa. To, a Ingila da Amurka akwai wani irin gwanjo wanda ya juya wannan al'ada, gama a can tsufan abu shi ke ƙara masa kuɗi, kuma cikin abubuwan da a ke rububinsu har da tarakta, watau motar noma.

A watan Oktoba na 2019 wani kamfanin gwanjo mai suna Cheffins, a yankin Kambirij ta Ingila, ya sayar da wata tarakta mai ƙafa uku, ana kiranta Ivel, ƙirar 1903, a kan fam 328,600. Wani Bature Dan Albone ne ya ƙago irinta, yau guda takwas aka sani sun rage a duniya. A watan Afrilu na 2022 kuma, a jihar Ilinoi ta Amurka, aka sayar da wata Case ƙirar 1913 a kan dala 1,470,000. Ita biyar suka rage. Wannan kuɗi ya isa a sayi sababbin tarakta fiye da ashirin irin waɗanda a ke ba da haya a ƙasarmu. Wanda ya saye ta kuwa ba gona zai kai ta ba. Zai share mata rumfa, ya riƙa goge ta, in ranar taro ta zo ya tayar da ita mutane su ji ƙararta.

Manomin Dirin Daji da ya yini sunkuye yana huɗar dawa da garma, idan ya ji wannan labari, abin da zai ce shi ne almubazzaranci ne, ko kuwa ƙoshi ya yi wa mutanen nan yawa. Ba na raina wannan magana, domin mutumin da ya bi layi neman hayar tarakta har damina ta yi nisa bai samu ba yana da hakkin ya yi ta. Amma kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu tambaya, shin me mai sayen nan ya saya?

Lalle ba amfani ya saya ba. Ga hujja. Akwai wata ƙaramar tarakta ruwan toka mai suna Ferguson, wadda aka ƙera a birnin Kobantiri daga 1946 zuwa 1956, fiye da guda 500,000. Ita ce ta raba manoma masu yawa a Ingila da dokin noma, har yanzu ma wasunsu na aiki. Da alheri a ke aunawa a gwanjo, da ita ce sarauniya. Amma da ya ke tana da yawa, kuɗinta bai kai ko kusa da na waɗancan ba. Ashe abin da ke ɗaga tayi shi ne ƙaranci, da kuma yawan masu so. Masu son nan kuwa galibi dattawa ne da suka tashi a gona, suka koma birni suka yi arziki, suna begen motar da ubansu ya ɗora su a kai suna yara. Sa'an nan intanet ta zo, mutum yana zaune a ɗakinsa a wata ƙasa ya yi tayi, masu tayi suka ƙaru, kaya ba su ƙaru ba.

A ganina mai irin wannan bege ba shi da laifi, har ma ya fi mu wani hali. Yakan tsinci ƙarfe ya yi tsatsa a bayan rumbu, ya yi shekaru yana neman kusoshinsa ɗaya ɗaya, ya binciko shekarar da aka ƙera shi da sunan wanda ya fara sayensa, kāna ya nuna wa yara su ga yadda kakanninsu suka ci abinci. Mu fa? Duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan wani ofishin gona ya ga gawarwakin tarakta jere, ciyawa ta fito ta cikinsu, kaji na ƙwai a mazaunin direba. Ƙarshensu 'yan gwangwan su zo da ma'auni, a auna kilo kilo, a kai a narke.

Alhali kuwa ƙarafan nan suna da abin faɗa. A 1949 Turawan mulki suka buɗe wata babbar gona a Mokwa, kudu da mu, suka kawo motocin noma, suka zaunar da manoma. Mota ta yi kaftu mai faɗi, amma ciyawa da hannu a ke nome ta, hannun mutum kuwa bai iya bin abin da mota ta buɗe. Kafin ƙarshen 1954 kamfanin ya janye da hasara. Da za a sami mota ɗaya daga cikin waɗannan a ajiye inda jama'a ke gani, da labarinta rubuce a jikinta, da duk hukumar da ta tashi sayen tarakta ɗari ta tsaya ta tambayi wa zai yi noman ciyawa, wa zai yi gyara, ina za a sami kayan gyaran.

To, amma akwai inda na rabu da gwanjon nan. Da zarar kuɗin abu ya hau haka, sai wani mutum dabam ya shigo, wanda bai taɓa jin ƙanshin ƙasa bayan ruwan fari ba. Shi ba bege ya kawo shi ba, ya ji ne an ce abin da aka saya bana zai ninka baɗi. Ya saya ya kulle, ɗan manomin da ke da labarin motar kuwa ya koma gida hannu rabbana, don ba shi da abin tayawa. Tarakta ta tafi wani gida, labarinta ya zauna a wani.

Kada mai karatu ya ce wannan ciwon Turawa ne, ina ruwanmu. Ya riga ya iso ƙasar Zuru, sai dai ba ta kan tarakta ya biyo ba. Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, suna da wata tsohuwar al'ada ta ɗora tukwanen yumɓu a kan kaburburan manyansu, irin su sarakuna, da gwanayen noma, da maharba, da 'yan kokawa. Mata ne ke gina su, wasu da siffar dabba, wasu da siffar mutum a kan doki. Yau ana ganin irin tukwanen nan a shagunan kayan tarihi da gidajen gwanjo na Turai da Amurka, an liƙa musu kuɗi. Sai mu tambaya, wa ya sayar? Mai tarakta dai shi ya sayi abarsa, ko ya gada, in ya ga dama ya sayar. Amma tukunyar da aka ɗora wa mamaci, ta dangi ce duka, na raye da waɗanda ba a haifa ba, ba wanda ke da ikon karɓar kuɗinta. Ko mutum ba ya bin wannan al'ada, ko addininsa ya hana shi ita, ai bai halatta masa ya ɗauki abin da ba nasa ba. Kuma tun 1953 aka kafa doka a Nijeriya a kan kayan tarihi, aka sabunta ta a 1979, ta hana cinikinsu da fita da su waje sai da izinin hukumar gidajen tarihi. Mai tayi a can yana iya cewa shi bai saci kome ba. Gaskiya ne, amma ba don tayinsa ba, da ba wanda zai je maƙabarta da dare.

Saura abin da ke cikin ɗakunanmu. A al'adar golmo saurayi kan yi shekara bakwai yana noma a gonar uban yarinyar da zai aura, shi da abokansa. Garmar da kakanka ya yi wannan aiki da ita, in tana nan, ita ce sadakin kakarka, da ita aka kafa gidan da aka haife ka. Ɗan gwangwan zai ba ka kuɗin sabulu a kanta, wata rana wani baƙo ya zo ya ba ka fiye da haka. Ban ce haramun ne ka sayar ba, yunwa ba ta da kunya. Abin da na ce shi ne ba kai kaɗai ke da ita ba, sai ka tara 'yan'uwanka, maza da mata, ka ji ta bakinsu tukuna.

Akwai kuma wani aiki wanda wanda ya fita ajin yaƙi da jahilci ya fi kowa dacewa da shi. Nemi takarda da alƙalami, ka zauna gaban tsohon da ya rage a gidanku, ka tambaye shi wane maƙeri ya ƙera garmar nan, a wane gari, gonar wa ta noma, shekara nawa, zamanin wane sarki. In akwai mataccen tarakta a garinku, kwafi lambar da ke jikin injinta, ka tambayi wanda ya tuƙa ta shekarar da ta zo da abin da ya kashe ta. Ka sa kwanan wata, ka sa sunanka, ka karanta wa tsohon ya gyara maka inda ka kauce, sa'an nan ka ninke takardar ka sa ta cikin akwatin da ka ke ajiye takardun gona.