LU'ULU'U GUDA ƊAYA

Ɗan'uwa mai aikin ma'adini a Arlit, Bahaushe yakan kira abu biyu lu'ulu'u. Akwai daiman, wanda ya fi kowane dutse tauri, har akan sa ƙwayoyinsa a bakin injin huda ƙasa, ko da yake asalinsa ɗaya da gawayi. Akwai kuma na cikin teku.

Da na teku Yesu Almasihu ya misalta Mulkin Sama (Matiyu 13:45-46). Wani attajiri ya sami guda ɗaya tak, ya sayar da dukan mallakarsa, ya saye shi. Bai yi asara ba.

Ramin Kominak ya ciyar da mutanen Akokan tun 1978, a 2021 aka rufe shi. Kai fa, a kan me kake sayar da kwanakinka?