Wayarka Tana Kai Ka Ƙofar Maƙwabci?

A watan Agusta na 2001 ne layukan wayar hannu suka soma aiki a Nijeriya, muka yi murna cewa nisa ya ƙare. Ba a jima ba, ranar Juma'a 7 ga Satumba, gardama kan wucewa ta hanya lokacin salla a unguwar Kongo-Rasha ta zama rikicin da ya ci rayuka kimanin 1,000 a Jos. Tun daga nan maƙwabta suka riƙa ƙaura, Kirista gefe guda, Musulmi gefe guda. Waya ta yawaita a hannunmu, ziyara kuwa ta ragu, alhali zumunta a ƙafa take.

Wayar da muka sa wa rai ta zama makami. A rikicin Janairu 2010, saƙonnin jita-jita sun rura wuta. A Yuni 2018, bayan kashe-kashen Barikin Ladi, an yaɗa hotuna a Facebook, waɗansu ba a ƙasar nan aka ɗauke su ba, aka tare hanya aka hallaka matafiyan da ba su san hawa ba balle sauka. Manzo Yaƙub ya kamanta harshe da ƙaramar wuta, yau kuwa yatsa ya gaji aikin harshe. Ko kamfanin WhatsApp, saboda illar jita-jita, a 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar kaɗai a lokaci guda.

To, da wane mudu za mu auna rukunonin WhatsApp na zumuntar mata, na matasa da na mawaƙa? Ku tuna misalin Basamariye a Luka sura 10. Firist ya ga mai rauni, Balawe ma ya gan shi, amma ganinsu bai warkar da kowa ba. Basamariyen ne ya matso, ya ɗaure raunukan. Wanda ya karanta labarin rashin lafiyar gwauruwa ya rubuta "Amin" kawai, ya bi sawun firist.

Saboda haka, bari kowace ikkilisiya ta ɗora dattawa biyu su lura da rukuninta. Kada a bar hoton da ba a san asalinsa ba. Sanarwar ciwo ko rasuwa ta zo tare da sunan mai zuwa gaisuwa da ranar zuwansa. Ƙarshen wata uku, a ƙidaya gidajen da aka shiga, a kuma nemi wanda ya yi shiru.

Kai kuma ɗan'uwa, kana da lambar maƙwabcinka Musulmi wanda rikici ya raba ku? Ranar da jita-jita ta taso, kira shi ka ji lafiyarsa kafin ka tura wa kowa komai. Ubangiji ya mai da mu masu ƙulla salama. Amin.