Baƙon da ba shi da mai masauki

Ba a koya wa Ba'adare baƙunta. Da an gama girbi, samarin Keita da Buza da Illela sukan kama hanyar Abijan ko Legas ko Libiya, kuma kowanensu ya san ƙa'idar da ba a rubuta ba: baƙo yana sauka ne a hannun mai masauki. Shi ke tsaya masa idan ya ci bashi, shi ake kira idan ya yi laifi. Baƙo kuma ba ya ɗaga sanda a rigimar masu gida, domin bai san inda ta samo asali ba.

Ranar 21 ga Maris 2021, mutane bisa babura suka afka wa Intazayen da Bakorat da Wistan, a yankin Tilliya na arewacin jihar Tawa. Gwamnati ta ƙidaya mutum 137 da aka kashe, akasarinsu Buzaye makiyaya, ta sa zaman makoki na kwana uku. An ɗora alhakin a kan reshen ƙungiyar Da'ish na yankin Sahara. Shugabansa a lokacin, Adnan Abu Walid al-Sahrawi, an haife shi a Layun ta Yammacin Sahara, ya yi zama cikin Polisario, ya zama kakakin MUJAO da ta riƙe Gawo a 2012, sannan a 2015 ya yi mubaya'a ga Abubakar al-Bagadadi, wanda yaƙinsa ke can Iraƙi da Siriya.

Kisa laifi ne ko da ɗan gari ya aikata shi. To, baƙuntar mayaƙi tana ƙara wani abu a kan laifin?

Masu kare irin wannan tafiya suna da hujja, kuma ba ta wasa ba ce. Sukan ce Musulmi ba baƙo ba ne a ƙasar Musulmi, iyakar da ta raba Azawak biyu kuwa Faransa ce ta shata ta. Tarihi ma yana ba su rabin gaskiya. Shehu Magili daga Tilimsan ya taso, ya ratsa Abzin, ya iso Kano zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, har yau ba a kiransa ɗan kutse. Sai dai Magili a hannun sarki ya sauka. Ya rubuta nasiha, mai gari na da ikon ya karɓa ko ya ajiye, kuma an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa idan maganarsa ta jawo ɓarna.

Ashe ba wurin haihuwa ne matsalar ba. Wanda ke faɗa a garinsu, duk zafin zuciyarsa, gobe zai shayar da dabbobinsa a rijiya ɗaya da dangin wanda ya kashe, ƴarsa kuma wataƙila cikinsu za ta yi aure. Wannan kunyar ta gobe ita ce ke riƙe hannu, ita ce ta sa aka san diyya da sulhu da rantsuwa gaban malamai. Mayaƙin da ya bar wani yaƙi ya shigo wani ba shi da goben nan. Idan wuri ya ƙone, akwai wani. Ga shi ya naɗa kansa alƙali mai raba Musulmi da wanda ya yi ridda, a tsakanin mutanen da suka yi ƙarnuka suna salla kafin a haifi kakansa, ba tare da akwai wanda zai kai shi ƙara gabansa ba.

Amma kalmar "baƙi" tana da daɗi a baki fiye da kima, kuma nan ne ya kamata malamin makaranta ya yi hattara da ita gaban ɗalibai. Yawancin masu hawa baburan ba daga Layun suka zo ba. Matasan makiyaya ne na iyakar Mali da Nijar, waɗanda suka tashi cikin satar shanu da rikicin rijiyoyi da ƙararrakin da aka kai hukuma ba a saurara ba. Da ɗan gari akan ci gari. Abin da baƙon ya kawo musu, bayan bindiga, shi ne izinin su dubi maƙwabcinsu kamar ba su taɓa ganinsa ba, wato su ma su zama baƙi a ƙasar da aka binne cibiyarsu. Wanda ya ce duk ɓarnar daga waje ta zo ya wanke hukuma, ya wanke ɓarayin shanu, ya kuma bar tsohuwar rigimar yadda take.

Sojojin Faransa sun kashe al-Sahrawi a Mali cikin Agusta 2021. A Maris 2022 mayaƙansa suka afka wa Tamalat da Incinanan a yankin Menaka, dubban mutane suka sake tsallako iyaka zuwa jihar Tawa da abin da ya rage musu na dabbobi, suna neman inda za su sauka.